Tsohuwar Jarida, Bulo Biyu da Furen Tafasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, ga tsadar abinci, ga rashin tsaro, ga siyasa. Na yarda duk sun fi shi nauyi, kuma ba su rasa masu rubuta su ba. Ni maganar fure na zo da ita: a tsinko shi, a shimfiɗa tsakanin takardu, a danne da nauyi har ya bushe, a manna shi a farar takarda, a rubuta sunansa a ƙasa. Abin da ya sa na rubuto yanzu, lokacinsa ne ya kama. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fid da kai amma ba ta bushe ba, masu cinna wa daji wuta ba su fara ba. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, ɗan koyo a Kaduna ba zai sami lokacin da ya fi wannan sauƙi ba.

Kai ma kana da hannu a ciki, ko ba ka sani ba. Jaridarka aiki biyu take yi a gidana. In na gama karantawa ba ta zuwa wurin mai ƙosai ko mai tsire, ninke ta nake yi in ɗora a saman kwaba, domin ban ga takardar da ta kai ta jarida shan ruwan fure ba. Ta mujalla mai sheƙi ba ta shan komai, fure ruɓewa yake yi a cikinta. Abu ɗaya nake kiyayewa, kuma ina roƙon duk mai gwadawa ya kiyaye: shafin da ke ɗauke da aya ko hadisi ko sunan Allah a ware shi gefe. Haka nan in da littafi za a danne, kada yaro ya jawo Alƙur'ani ko littattafan Islamiyya don ya ga suna da kauri. Tsohon ƙamus ko littafin lissafin sakandare da aka gama da shi ya wadatar.

Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, sashen buga zane. Tun 1957 da aka buɗe masaƙa ta farko unguwar nan ba ta barci, har zuwa shekarun 2000 da ƙofofi suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aikina haɗa launi ne. Furannin da suka bi ta hannuna a kan atamfa da yadi Allah kaɗai ya san iyakarsu, amma duk na takardar mai zane ne, babu wanda za ka je gona ka tarar. Sai da na zauna gida, hannu ya rasa abin yi, ido kuma ya riga ya saba da neman launi, na fara lura da na bakin kwata da na kango. Furen tsamiya kaɗai, ɗan mitsitsin nan rawaya mai jajayen jijiyoyi, da an kawo mana shi masaƙa da sai mun bi ta kansa da launi huɗu kafin ya fito, kuma da ƙyar ya yi kama.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Katako biyu daidai da juna, kamar santimita 30 a faɗi, 45 a tsawo, wato kusan girman shafin jarida. Kowane kafinta zai yanko maka daga ragowar filawud. Kwalin taliya ko na sabulu, irin mai ramuka a ciki, a yanka shi daidai da katakon. Jaridu. Sai abin nauyi: bulo biyu, ko dutsen niƙan da aka jingine a bayan ɗaki tun zuwan inji. Mai son ƙawa ya leƙa kasuwar Panteka ya sayi dogayen ƙarafa huɗu masu noti, a huda masa kusurwoyin katakon. Ni robar tsohon tub ɗin babur nake yankawa in ɗaure tam. Na fi son ta ne saboda ita tana ci gaba da matsewa yayin da furen ke sacewa, noti kuwa sai ka tuna ka ƙara murza shi.

Da hantsi ake tsinka, bayan raɓa ta kama gabanta, kafin rana ta take. Jiƙaƙƙen fure ba ya dannuwa, baƙi yake yi. Akwai kuma waɗanda ba sa jiran ka kai gida: duman kada da furen wake da na yakuwa, kafin ka hau Keke Napep ka sauka sun langaɓe. Irin waɗannan sai ka fita da tsohon littafi a hammata ka sa su ciki nan take. A haɗa da ɗan reshe da ganye biyu ko uku, kada a tsinko kan furen tsirara. Wajen shimfiɗawa a kife fuskar furen a kan takarda, a danna tsakiyarsa da ɗan yatsa ya baje, a juya ganye ɗaya bayansa ya kalli sama, domin sau da yawa a bayan ganye ake gane tsiro. Kada wani ya hau kan wani. Kada kuma a haɗa mai kauri da siriri a hawa ɗaya, don mai kaurin zai tokare katako, siririn ya sami sarari ya yamutse. Jerin shi ne katako, kwali, jarida ninki uku, fure, jarida, kwali, haka har hawa biyar ko shida. Ramukan kwalin su ne hanyar iska, saboda haka a jera su duk suna kallon gefe ɗaya.

Inda mafi yawa suke faɗuwa shi ne canjin takarda. Mutum ya danne ya manta, bayan mako biyu ya buɗe ya tarar da fumfuna, ya ce abin ƙarya ne. Yawancin nauyin ɗanyen fure ruwa ne, kuma muddin ruwan nan yana ciki, abin da ke sa yankakken dankali ko ayaba su yi duhu yana aiki a kansa. In ruwan ya fita da wuri launi ya tsaya, in ya yi jinkiri launi ya tafi. Don haka kwana ukun farko kullum a canza jaridun da ke sama da ƙasa. Amma takardar da furen ke kwance a kanta a bar ta yadda take, kada a ɗaga shi, lokacin yana da laushi, taɓawa kaɗan ya naɗe ko ya yage. Jaridun da aka cire a shanya su a igiya, gobe su koma aiki. Daga nan sai bayan kwana biyu ko uku. Gane ya bushe ba wuya: a ɗora shi a bayan hannu, in an ji sanyi-sanyi da sauran ruwa. In an ɗaga shi ya tsaya a miƙe bai sunkuya ba, ya yi.

Littattafan Turawa cewa suke mako biyu zuwa huɗu. Wannan lissafin ƙasarsu ne. A nan in hunturu ya buɗe, siririn fure mako guda ya ishe shi, sai dai a yi hattara wajen ɗauka, don bushewar takan wuce kima ya riƙa karyewa. Agusta kuwa wata duniya ce, watan da takalmi ma ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado. Mai dannewa a lokacin sai ya riƙa fitar da katakon duka, a ɗaure, zuwa inda rana ke bugu duk sa'ad da ta leƙo, ko ya ajiye shi kusa da murhu inda ɗumi ke kaiwa. Wasu kan bi takardar da dutsen guga mara zafi sosai, ba yayyafin ruwa. Yana yi, amma launin ba ya kai na wanda ya bushe a hankali. Na bar wa masu gaggawa.

Ɗan koyo ya fara da masu rawaya, su ne ba sa ba da kunya. Tafasa da rai-ɗore suna nan a kowane fili daga Rigasa har Kawo, furensu falle ɗaya ne, kuma rawayarsu takan daɗe ba ta dushe ba. Marga ma haka take, amma ita sai bazara, lokacin da take zubo da furenta zarara a jikin reshe. Bogenbiliyar da ke leƙowa ta katangun Unguwar Rimi da Malali ta fi kowa sauƙi, domin abin da muke gani ja ko ruwan hoda ɗin nan ganye ne mai launi, sirara kuma kusan a bushe tun a kan itace. Ainihin furen shi ne ɗan farin da ke tsakiya. Fararen furanni, irin na zogale da darbejiya da lalle, sukan koma ruwan madara ko ruwan ƙasa, kada wannan ya karya wa kowa gwiwa, halinsu ne. Ja yakan yi duhu ya koma ruwan goro. Sai ciyayi, waɗanda a ganina sun fi furannin kyau a takarda: kyasuwa da jan gashinta, gamba, harkiya, burburwa. Ba su da ruwa, ba sa ruɓewa, kuma ba mai ce maka don me ka tsinka.

Yakuwa ce nake so mutum ya gwada in hannunsa ya ɗan faɗa. Furenta na yini ɗaya ne, da safe ya buɗe fari-fari mai ratsin rawaya da jan ido a tsakiya, kafin la'asar ya rufe. Tana da yauƙi, ita da 'yan'uwanta rama da kuɓewa da auduga, don haka mannewa take yi a jarida. Dabarar ita ce a sa ta cikin 'yar farar takarda a ninke, kada a buɗe ninkin sam sai ta bushe, a riƙa canza na waje kawai. Ranar da ka buɗe za ka ga abin kallo. Fallayen sun yi siririn da in ka ɗora su a kan jarida kana iya karanta rubutun ta cikinsu, kowace jijiya ta fito ɗaya-ɗaya daga tsakiya zuwa baki, farin ya juya ya ɗauki ɗan ruwan hoda, jan idon nan kuma ya koma kusan baƙi. Da bakin wuƙa ake ɗaga ta, a riƙe numfashi, don huci kaɗan sai ta tashi sama.

Akwai masu taurin kai. Gurjiya, da ke yin ja wur a cikin hunturu lokacin da babu ganye ko ɗaya a jikinta, furenta nama ne zalla. Haka na kuka, babban farin nan da ke reto a farkon damina, wanda da dare yake buɗewa jemagu su zo masa, kashegari ya fara duhu. Haka bado, haka jan tunkun ɗorawa. Irin waɗannan sai an tsaga su biyu da reza, ko a ciro fallayen a danne su daban a sake jera su wajen mannawa. Ɗan koyo ya ƙyale su tukuna.

Ƙuduji kuwa, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ina da magana a kansa. Duk wanda ya ratsa gonar dawa a ƙarshen damina ya ga shuɗi-shuɗin ruwan hodar nan a gindin kara, in ba manomi ba ne sai ya ce kai, wannan fure da kyau yake. Manomi kuwa ya san abin da ya shanye masa dawa ke nan tun daga saiwa. Yana dannuwa, ko da yake duhu yake yi in ya bushe, kuma ya kamata kowane yaro ya san shi da ido. Sai dai gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, masu iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran hatsi. Wanda ya ɗauko shi kada ya karkaɗe jaridar a gona ko a kan jujin da za a kai gona. A ƙone ta.

Yara su san cewa ba kowane fure ake wasa da shi ba. Zaƙami guba ne tun daga fure har 'ya'ya. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana iya yin ɓarna. 'Ya'yan cini-da-zugu da na zurma ba na kai wa baki ba ne. A wanke hannu bayan an gama. Ba sai an shiga daji ba, balle a irin halin da muke ciki. Filin makaranta da bayan gida da kangon maƙwabta sun isa mutum aikin shekara. A sa takalmi rufaffe, don ƙarshen damina lokacin macizai ne. A nemi izini kafin a miƙa hannu ta katangar wani. Furen wake da na riɗi a gonar mutane abincin wani ne, guda ɗaya ya isa. Tsiron da ka ga shi kaɗai ne a wurin, bar shi ya yi iri.

Wajen mannawa farin gam na kafinta ya fi, a ɗan sirka shi da ruwa, a ɗiga da tsinken ashana a bayan reshe da ganye, ba a shafe furen duka ba. Salatif yana yin rawaya ya ɓalle ya bar tabo. Koko da ƙullin rogo da muka saba manna takarda da su muna yara kiran kyankyaso ne. Takardar ta zama farin kati mai ɗan kauri. A ajiye su a kwance, cikin akwatin ƙarfe da ƙwayar kafur biyu, a ɗora a kan wani abu saboda gara. Mai firiza da tsayayyiyar wuta ya ƙulle su a leda ya sa ciki na 'yan kwanaki, sanyin yana kashe ƙananan ƙwarin da ke cin busasshen tsiro da ƙwansu. Manyan ma'ajiyoyin busassun tsirrai na masana ma haka suke yi. Wanda za a sa a gilashi a rataye, a nema masa bangon da rana ba ta bugu.

To, Malam Edita, duk wannan share fage ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗan rubutun da ake yi a kusurwar takarda: sunan tsiron, inda aka samo shi, kwanan wata, launinsa yana ɗanye, amfanin da ake yi da shi, da wanda ya faɗi sunan da garin da ya fito. Fure mai kyau da babu wannan rubutu ado ne kawai. Wanda ya yamutse amma da rubutunsa ya fi shi daraja a wurina nesa ba kusa ba.

Yayata ta yi aurenta a ƙauye ta wajen Soba, yanzu tsufa ya dawo da ita hannunmu. Ba ta yi boko ba, ido ma ya fara rauni, amma in na kai mata tsiro sai ta karɓa ta shafa, ta murza ganyen ta kai hanci. Kwanan baya na kai mata wani ɗan haki mai ƙamshi daga bayan makarantar firamaren unguwarmu.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Kai Auta, yanzu ɗoɗɗoyar ma sai an gaya maka? Ba ita Inna ke turara mana a ɗaki saboda sauro ba?"

Daga nan ba a tambaye ta ba ta shiga jero waɗanda ake sa wa a miya da waɗanda ake ba mai jego da wanda akuya ba ta ci. Jikata 'yar aji biyar tana gefe da biro tana rubutawa. Ita ce ranar da muka danne tafasa ta tsaya tana kallona ta ce, "Kaka, wai tafasar da ake kwaɗo ita ce wannan?" Ta ci kwaɗon tafasa ba adadi, ba ta taɓa sanin cewa ita take takawa a hanyar makaranta ba. Ba laifinta ba ne. Yaron da aka haifa a Kaduna yau, abin da ke da fure sunansa fulawa, abin da ba shi da shi sunansa ciyawa, an gama. Irin su Yaya kuwa kullum raguwa suke yi, kuma babu wanda ya bi su da takarda.

Wani ya taɓa bi. Wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa. Bayan aikin asibiti sai ya riƙa bin daji yana danne tsirrai, yana tambayar manoma da mafarauta da masu magani sunayensu. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma babban littafi a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma, waɗanda masu bincike ke komawa gare su har gobe. Itacen hano, ararraɓin nan da ake jiƙa ɓawonsa, sunan da masana kimiyya na duniya suka san shi da shi yana ɗauke da sunan wannan likita. Ban ce ya yi laifi ba, aiki ya yi. Amma ilimin na kakanninmu ne, su suka nuna masa, kuma ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Bambancinsa da su katako biyu ne da takarda da alƙalami. Shi ya sa nake matsa wa jikokina su rubuta wanda ya gaya musu.

Sana'ar kuma ba ta yau ba ce. Wani malamin likitanci a Italiya, Luca Ghini, shi ake danganta wa fara ta a shekarun 1500, kuma tsirran da ɗalibansa suka danne suna nan a birnin Bolonya sun haura shekara 450, ana buɗewa ana dubawa. Ma'ajiyar lambun Kew a Landan tana riƙe da fiye da miliyan 7, cikinsu har da na ƙasar nan. A Ibadan, cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa tana da fiye da 100,000. Nan kusa da mu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tata ma'ajiyar, kuma ɗalibin da zai yi bincike a kan wani maganin gargajiya can yake kai tsironsa a gwada da na ajiye, a tabbatar masa da shi, a ba shi lamba. Kwanan watan da ke jikin irin waɗannan takardu shi ke nuna yaushe wani tsiro ya shigo ƙasa, yaushe wani ya ɓace daga inda yake. Darbejiyar da muke gani kamar da ita aka kafa garuruwanmu baƙuwa ce daga Indiya, a wajen 1928 aka fara dasa ta a Barno. Unguwanni nawa ne a Kaduna suke amsa sunan itacen da yanzu sai ka yi yawo kafin ka ga guda? Gonakin da na sani a hayin kogi duk sun zama gidaje. Yaron da ya danne abin da ke fitowa a can bana, ya rubuta wuri da rana, ya ajiye shaidar da nan gaba ba za a same ta da kuɗi ba.

Ɗana na fari ya ce mini, "Baba, ai da waya za ka ɗauki hoto ka huta." Ina ɗauka, yana ma taimakawa wajen tuna launi. Amma hoto ba ya nuna girma na gaskiya, ba ya nuna gashin bayan ganye ko kaifin ƙaya, ba a juya shi, kuma waya tana faɗawa ruwa ko a sace ta a kasuwa. Ban da haka, yaron da ya ɗauki hoto ya wuce ya manta. Wanda ya yi mako yana canza wa tsiro takarda ba zai sake ganin sa a hanya bai gane shi ba. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi su duka.

Sai dai mutum ya shirya wa surutu. Dattijo da furfura yana tsugune a bakin kwata yana tsintar haki, fassara ɗaya mutanenmu ke yi masa. An sha tare ni a hanyar masallaci a ja ni gefe a ce, "Baba, don Allah na basir nake nema." Na ce ni ba na ba da magani, ba su yarda ba, gani suke rowa nake yi. Wasu kuma tambayarsu ta farko nawa ake samu. Akwai 'yan matan da ke sa busassun furanni a gilashi ko a katin biki su sayar, Allah ya sa albarka. Amma wanda ya shigo don kuɗi zai gaji kafin furen farko ya bushe. Na fi ganin amfaninsa ga matan da ke gida, da masu jinya mai tsawo, da irinmu da aka sallama daga aiki, da yara a lokacin hutu. Ba ya son wuta, ba ya son data, ba ya cin wuri fiye da ƙarƙashin gado.

Roƙona ga malaman firamare da na ƙaramar sakandare, musamman masu koyar da kimiyya da aikin gona: hutun Disamba na tafe. A ba kowane yaro aikin tsiro 10 daga unguwarsu, da sharaɗin sunan kowanne daga bakin wani babba zai samo shi, kaka ko mai unguwa ko mai sayar da ganye a kasuwa ko Bafulatanar da ke kawo nono. Wajen ba da maki a fi duba rubutun a kan kyan furen. Kuma kada a ce sai Hausa kaɗai. Kaduna gari ne na kowa, yaron da kakarsa ta ba shi sunan da Gbagyi ko Fulatanci ko Jju ko Tyap ya rubuta shi haka, a jera su gefe da gefe. Malaman kwalejin gandun daji ta Afaka da na Zariya, in an gayyace su rana ɗaya su duba aikin yaran, ba na jin za su ƙi.

Kai kuma, Malam Edita, ɗan gurbi nake roƙo, ko da faɗin tafin hannu ne, sau ɗaya a mako. A sa hoton tsiro guda, masu karatu daga Sakkwato da Katsina da Bauci da Damagaram su aiko da sunan da suke kiransa da abin da suke yi da shi, mako mai zuwa a buga amsoshin. In ka amince, ina da marga da gamba da kalgo da minjirya a manne da rubutunsu, jikata za ta ɗauki hotunan ta turo ta adireshin da za ka ba mu.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Tudun Wada, Kaduna.